Farar Rigar Uwar Ɓeraye

Alhamis ce kamar kowace Alhamis. Malama ta sha juya ranar nan a ranta daga baya, tana laluben wata alama da ta wuce ta ba ta gani ba. Har yau ba ta samu ko ɗaya ba.

Ƙarfe shida 'yarta Auta ta fito daga ɗaki, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana tambayar wanda ya ɗauke mata caja. Cajar tana jikin bango, inda ta bar ta. Ta sha shayi a tsaye. Mahaifinta, injiniyan ruwa mai ritaya, yana kan kujerarsa ta bakin taga yana kwance wata rediyo da lafiyarta ƙalau.

"A gaida manyan baƙi," ya ce.

"Za su ji, Baba. Ciyaman ya ƙara giram biyu."

"Ni da na ƙara kilo biyu, faɗa uwarki ta yi mini."

"Ai kai ba wanda zai rubuta takarda a kan hantarka."

Manyan baƙin ɓeraye ne guda arba'in, ƙanana, baƙaƙe masu sheƙi. Auta shekararta ashirin da bakwai, tana da digiri a kimiyyar sinadaran jiki, tana aiki a wata cibiya da ke binciken ciwon hanta, irin wanda kitse ke taruwa a cikinta har ya lalata ta. Tunda ba za a zuba mutane a keji a ɗura musu maiƙo da sukari don a ga abin da zai faru ba, ko da yake mutanen suna yi da kansu ba tare da keji ba, sai ake yi da ɓeraye. Kashi ɗaya suna cin abinci na hankali. Kashi na biyu suna cin wani dunƙule mai maiƙo da ya yi kama da alli. Kashi na uku suna cin dunƙulen tare da maganin da ake gwadawa. Bayan wata shida a kashe su duka, a ciro hantar, a duba ta a madubin likita. Auta ce mai ciyar da su, mai auna su, mai sauya musu garin katako, mai ɗibar jininsu. Dangi suna kiranta Uwar Ɓeraye. Ƙanwar mahaifinta ce ta raɗa sunan, wadda kowa a gidan yake kira Gwaggo, kuma ba da wasa ta raɗa ba.

Wajen bakwai Auta ta hau bas. Abin da ya faru a wurin aiki Malama ta ji shi ne daga bakin Dokta, mataimakin Farfesan da ke jagorantar binciken, wani siririn mutum mai yawan ba da haƙuri. Ya ce ƙarfe takwas ta isa ɗakin dabbobi, ta ƙwanƙwasa ƙofa kafin ta buɗe kamar kullum, wai kada ta firgita masu gida. Ta auna su ɗaya bayan ɗaya. Kowa a cibiyar ta wutsiya yake ɗaga ɓera, ita kuwa tafin hannu take shimfiɗawa su hau da kansu. Doka ta ce lamba ake ba su, ba suna ba. Ita tana da Ciyaman, da Akanta, da Mai Tumbi, da wata mai cizo da ta sa wa Gwaggo.

Da hantsi aka yi taro. Farfesa ya yi awa ɗaya da rabi yana magana a kan muhimmancin lokaci.

Tsakar rana ta kira gida.

"Mama, akwai omo?"

"Akwai. Injin wankin naku ya sake mutuwa?"

"Yaushe ya tashi?"

Cibiyar tana da na'urar da ke yanka hanta shara-shara har ta fi ɓawon albasa, a jirgi aka kawo ta, aka tara 'yan jarida. Injin wankin rigunan aiki kuwa tun bara yake jiran sa hannun wani.

Wajen uku ta ɗebi jinin kashi na biyu. Dokta ya ce ya leƙa ta gilashin ƙofa ya gan ta tana yi wa Mai Tumbi nasiha a kan cin abincin maƙwabci.

Biyar ta gota ta shigo gida da baƙar leda a hannu, farar rigar aikinta a ciki, ta wurga ta bayan ƙofar ɗakinta. Ta tarar da Gwaggo a falo.

"Uwar Ɓeraye, an dawo daga raino? Wanke hannunki kafin ki gaishe ni."

"Sau uku na wanke, Gwaggo. Takwararki tana gaishe ki."

"Wace takwarata?"

"Wata ce a wurin aikinmu. Akwai haƙora."

Malama ta shige kicin don kada a ga fuskarta.

Da almuru suka ci abinci. Auta ta tsince albasar cikin shinkafa ta tara a gefen faranti, kamar yadda take yi tun tana 'yar firamare. Ta yi musu da mahaifinta a kan wanda ya ɓatar da rimot. Da za ta shiga ɗaki ta juyo.

"Mama, kar ki taɓa ledar nan. Asabar zan wanke da kaina. Kin cika zuba bilic."

Iyakar ranar ke nan.

Auta ba waliyyiya ba ce, kuma Malama ba ta ji daɗin masu ta'aziyyar da suka mayar da ita haka ba. Mai makara ce, mai yasar da kaya, mai amsa magana tun ba a rufe baki ba. Tana ƙarama in ta ga ɓera kan tebur take hawa tana ihu sai mahaifinta ya zo da tsintsiya. Likita ta so zama, maki kaɗan ya hana ta. Ta rufe ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta zaɓi wani fannin, ba ta sake tayar da maganar ba. Da ta sami aikin nan, Gwaggo ta ce shekara huɗu a jami'a don a koyi abin da kowane sito yake yi ba digiri. Wani saurayi ma'aikacin banki ya taɓa zuwa, ya tambaye ta sana'arta, ta ce kiwo. Ya ce shanu ko kaji? Ta faɗa masa. Ya shanye lemonsa, ya ce zai kira.

Ba ta cika maganar ƙarshen ɓerayen ba. Sau ɗaya, suna wanke-wanke, ta ce wa uwarta, "Mutuwa dai za su yi, Mama, na sani tun ranar da aka kawo su. Abin da nake tsoro gwajin ya lalace. In ya lalace sun mutu a banza, a kawo wasu arba'in a fara daga farko."

Juma'a da safe ta ce kanta yana ciwo. Ta zauna a bakin gado da buroshi a hannu, ta ce, "Mama, zo ki ga," ta zame ƙasa. Kafin rana ta raba an gama. Likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta, da raunin aka haife ta, ba yadda za a yi a sani. Gwaggo ta ce ɓeraye ne. Likitan ya yi shekaru yana karatun kai, Gwaggo kuma ta taɓa ganin ɓera a kicin ɗinta, saboda haka ra'ayin dangi ya rabu biyu.

Gida ya cika. Matan dangi, da yake ba su san abin da za su yi da hannuwansu ba, suka shiga ɗakin Auta da kyakkyawar niyya. Suka yaye zanin gado, suka kwashe kayan da ke rataye da waɗanda ke zube, har da rigar barcin da ta kwana da ita. Suka wanke, suka goge, suka jera. Da Malama ta samu ta shiga, ɗakin ƙamshin otal yake yi. Abu ɗaya ne ya tsira, baƙar ledar bayan ƙofa, don Gwaggo ta hana kowa taɓa ta.

"Kayan ɓeran ne. Ku bar shi sai an samo mai ƙonawa."

Malama ta kai ledar ɗakinta, ta sa sakata, ta kwance bakin. Da farko zarnin ɓera ne, da garin katako, da sifirit. Amma a wuyan rigar, da cikin hammata, ga man da Auta take shafawa, ga guminta, ga ita kanta. Malama ta yi shekara talatin tana koyar da kimiyya a sakandare. Ta san ƙamshi ƙananan ƙwayoyi ne da ke barin tufa su shiga iska, kuma wanda ya fita ba ya komawa. Saboda haka sau ɗaya take buɗewa a rana, ta shaƙa, ta ɗaure da sauri. Ba ta gaya wa mijinta ba. Shi ma bai gaya mata ya san inda take ajiye ledar ba.

Da mako ya zagayo Farfesa ya zo, Dokta yana biye da shi. Farfesa mutum ne mai cika kujera. Shi ne ke fitowa a rediyo yana gargaɗin jama'a a kan maiƙo da zaƙi, kuma ya sha lemo biyu kafin a gama gaisuwa. Ya ce marigayiya ginshiƙi ce. Ya ce cibiya ta yi rashi, kimiyya ta yi rashi. Sai ya yi gyaran murya ya dubi Dokta. Dokta ya dubi takalminsa.

"Akwai wata 'yar magana, Malama," in ji Farfesa.

'Yar maganar ita ce ɓerayen sun ƙi cin abinci. Tun da Dokta ya karɓi ɗakin suke ɓuya a ƙarƙashin garin katako, suna cizon juna, suna ramewa. Ɓeran da ya rame kitsen hantarsa narkewa yake yi, kuma kitsen nan shi ne aikin wata biyar. Saura mako uku a kammala.

"Ramewa suke?" in ji Injiniya. "Ashe an samo maganin. Ku rubuta a takarda, a ɗauke mai ba da abincin."

"Injiniya," in ji Malama.

Farfesa ya ce ɓera da hanci yake sanin duniya. Akwai masu binciken da suka ce ƙamshin namiji yana tayar musu da hankali, kuma waɗannan tun suna ƙanana hannu ɗaya suka sani. An duba kabad ɗin marigayiya, babu rigar aikinta. Mai gadi ya ce ya gan ta da leda ranar Alhamis. Da Dokta zai riƙa sa rigar in zai shiga wurinsu, wataƙila a dace.

"Fatanmu dai ba ku wanke ba."

"Wato ta'aziyyar ɓeraye kuka kawo mana," in ji Injiniya. "Sun ba da wani saƙon?"

"Aikinta ne, ranka ya daɗe. Sunanta zai fito a takardar. Na uku."

"A cikin mutum nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Sauran goman sun taɓa ganin ɓerayen?"

Farfesa ya yi irin dariyar da ake yi wa mai makoki in ya faɗi abin da bai kamata ba. Malama ta ce za ta duba.

Da suka tafi Injiniya ya kwashe kofuna ya kai kicin, abin da bai saba yi ba. Ta bi shi.

"Ki ce an ƙone ta," ya ce, bai juyo ba. "Gwaggo za ta ba da shaida da murna."

"Ka san tana nan."

"Na sani."

"In gwajin ya lalace, wasu arba'in za su kawo."

"To su kawo. Mu wa za a kawo mana?"

Ta bar shi a kicin. Ta shiga ɗaki ta sa sakata, kuma ranar ba ta yi saurin ɗaure ledar ba. Washegari ta kira Dokta.

"Aro ne," ta ce masa a bakin ƙofa. "Mako uku. Kuma ba wanki."

"Haba Mama, ai wankin ne ba ma so."

"Ko ruwa."

"Ko ɗigo."

Ya karɓi ledar da hannu biyu.

Ba a yi mako ba Farfesa ya kira da kansa, cike da ɗoki. Abin al'ajabi! Dokta yana sa rigar, hannun yana tsaya masa a gwiwar hannu, kuma ɓerayen sun koma ci kamar ba gobe. Lamba goma sha bakwai, wanda marigayiya take kira Ciyaman, ya mayar da abin da ya rasa har da ƙari. Yana ma tunanin takarda ta biyu, a kan rigar kanta. Malama ta ce madalla. Da ta ajiye waya ta ji wani abu mai kama da kishi, da wani mai kama da alfahari, ba ta tsaya raba su ba. Ta zauna ta yi wa kanta lissafin gaskiya. Rigar tana shan iska kullum, ga gumin Dokta a kai. Amma wuyan riga ninki biyu ne, yana riƙe ƙamshi. Ba duka ba, amma wani abu zai dawo mata.

Dokta ya zo ranar da ya yi alkawari, da kwali a ƙirji. A ciki akwai kofin shayin Auta, da lemarta, da rabin fakitin biskit. A sama ga rigar, a ninke tsaf, cikin wata jakar takarda mai fuskar leda, an manne bakinta da tef mai baƙaƙen layuka.

Malama ta yaga jakar a gabansa. Ta kai wuyan rigar hancinta. Ta juya, ta kai hammatar. Ƙaurin tufar da aka dafa, shi ke nan. Ko zarnin ɓeran babu.

"Na ce ba wanki."

"Wallahi Mama ko omo bai taɓa ta ba. Tururi ne kawai."

"Wane tururi?"

Ya yi mata bayani da natsuwar mai gaskiya. Duk abin da zai shiga ɗakin dabbobi daga waje sai an sa shi a injin tururi mai zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa, don kada a kai musu cuta. Wannan kuma riga ce da ta kwana a gida, cikin jama'a. Da za ta fito kuma, ya ga gara ya sake yi mata, don kada a kawo wa mutane wani abu.

"Wato kafin ta shiga ka dafa ta."

"Kafin ta shiga, da kowace Litinin, da yau da safe."

"To ɓerayen ƙamshin wa suka ji?"

Dokta ya buɗe baki. Malama ta ga amsar tana isa gare shi a hankali, kamar yadda ta sha gani a fuskar ɗalibi a gaban allo. Ya zauna a hannun kujera.

"Yunwa ce ta ishe su," in ji Injiniya daga bakin taga. "Mu ma ai mun koma ci."

"Ita ce ta kafa dokar," in ji Dokta, murya ƙasa-ƙasa. "Kafin ta zo ba wanda ya damu. Akwai ranar da na shiga da hulata, ta kore ni a gaban ɗalibai, ta ce in je in dafo kaina in dawo. Da na tsaya da ledar nan a bakin ƙofa, hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba. Ban yi tunani ba, Mama."

Malama ta san muryar da aka yi korar nan da ita, ta san yadda ake ɗaga haɓa wajen yin ta. Ta nemi wanda za ta ɗora wa fushinta a cikin falon, ba ta ga wanda zai ɗauka ba. Ta ninke rigar a bisa ninkin da ta zo da shi.

"Za ka sha shayi?"

Ya ce a'a. Ta kawo, ya sha.

"Gwajin ya yi?"

"Ya yi. Maganin ne bai yi ba. Hantar waɗanda suka sha da ta waɗanda ba su sha ba duk ɗaya, fara tas da kitse."

"Za a sake ke nan?"

"A'a, Mama. Sakamakon a fili yake. An gama da wannan maganin."

"Takarda ta biyun fa, ta rigar?"

Dokta ya dubi cikin kofinsa. "Zan yi wa Farfesa magana."

"Ka bari sai yana zaune," in ji Injiniya.

Kayan Auta ba su ɗauki lokaci ba. Tufafin, da yake an riga an wanke an goge, aka raba wa 'yan matan dangi. Wasu sun yi musu yawa, wasu sun matse su, kowace ta ce daidai. Littattafan kimiyya Dokta ya kwashe a but ɗin motarsa ya kai ɗakin karatun cibiya. Kwamfutar Auta ta tafi wurin ɗan yayanta da ke shirin shiga jami'a, bayan Injiniya ya gaji da ƙoƙarin buɗe ta. Gwaggo ta ɗauki jakar hannu ta fata, wadda ta fi kowace jaka zuwa wurin aikin. Ta ce fata ba ta riƙe cuta. Katifar aka ba mai shagon bakin layi, wanda matarsa ta haihu.

Rigar ta yi wata guda a kan kujerar ɗakin, a ninke. Da Malama ta ji cibiya ta ɗauki sabuwar ma'aikaciya kuma ba a ba ta riga ba tukuna, ta aika da ita ta hannun Dokta. Sabuwar ta fi Auta tsayi. An ce sai da aka kai wa tela ya ƙara mata hannu.